Ruwan da Gwamna Ya Sha

Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu da ke kusa da Gaffati. Ni na tsaya ga gero da gyaɗa, shi ya wuce Damagaram karatu. Ya fara da koyar da lissafi a Kara-Kara, ya shiga siyasa, ya faɗi zaɓe sau biyu, a na uku ya zama dapite, ɗan majalisa. Wata safiya muka ji a rediyo an naɗa shi gwamna. Har waɗanda da ƙyar suke amsa gaisuwarsa a da, ranar kowa ya zama kawunsa.

Lokacin pampon garinmu ya shekara biyu a mace. Mata kan fita da bido, jarkar ruwa, tun sassafe zuwa rijiyar wani gari, ba sa dawowa sai rana ta take. Yayata tana cikinsu, ga ta da ciwon gwiwa.

Da aka aiko cewa gwamna zai zo, aka taru ƙofar maigari, aka ce ni zan yi maganar pampo tunda abokina ne. Na ce to, amma a bar komai yadda yake, ya gani da idonsa.

Maigari ya zabura. "Haba malam! Ɗanmu ya zo da manyan baƙi ya tarar da mu haka? So kake mu ba shi kunya gaban mutanen birni?"

Kwana uku ana aikin rufin asiri. Aka shafe gindin pampo da farar ƙasa, aka sa mata suka ninka tafiyar rijiya, aka cika randuna. Har kwamin shayar da shanu da ya bushe ya tsattsage aka liƙe aka cika. Abin da ya fi ƙona mini rai, ragowar ruwan aka yayyafa a fili don kada ƙura ta ɓata rigunan baƙi. Na yi magana har muryata ta dishe, aka ce ba ni da kara.

Gwamna ya iso da jerin motoci. Aka miƙa masa ruwa a sabuwar ƙwarya, ya sha, ya lumshe ido ya ce ruwan gida daban ne. Ya dubi pampo fari fat, ga shanu suna shan ruwa a kwami. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, pampon nan..."

Maigari ya ja mini riga ta baya, maroƙi ya ɗaga murya. Gwamna ya dafa kafaɗata yana dariya. "Na gani, abokina. Kun riƙe shi da kyau. Da ma kowane gari haka yake."

Ashe motar ƙarshe masu gyaran pampo ne a ciki da kayan aiki. Ya ce su wuce gari na gaba, inda muka ji mata sun tare shi bakin hanya da bidon wofi. Na kwana biyu ban gaisa da maigari ba.

Na yi ta zarya ofishin gwamna, kullum yana rangadi ko yana taro. Ana cikin haka rediyon da ya naɗa shi ya sauke shi.

Bara ya zo ta'aziyya, shi kaɗai a tsohuwar mota. Muna zaune sai ga yayata tana ɗingishi da bido a ka. Ya tambaya daga ina, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya juya gare ta.

"Yaya, me ya hana ku faɗa mini?"

Ta sauke bidon tana haki. "Ai ka sha, ka ce da daɗi. Ni na ɗauko shi."