Abin da Ban Rubuta wa Baba Ba

Wata Lahadi a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyar a Zuru, muna dawowa daga coci Kaka, mahaifiyar Babana, ta zaunar da ni a gindin rumbu, ta sa na ciro takardar tsakiyar littafin lissafina. "Ke Rifkatu, zauna ki rubuta wa ubanki," in ji ta. Baba soja ne, an tura shi nesa, kuma duk gidanmu ni kaɗai na iya riƙe biro. Daga ranar aikin ya zama nawa, kowace Lahadi, ko ana ruwa ko ana rana.

Kaka na faɗa da yarenmu na C'lela, ni ina juyawa da Hausa. Ba ta barin komai: dawar gonar kan dutse ta fitar da kai, akuya ta haifi biyu, samarin golmo, masu noman neman aure, sun nome wa maƙwabcinmu gona saboda 'yarsa. Ga ƙawayena a ƙofar gida suna carafke, ina jin ƙarar duwatsun, raina duk yana can. In na fara miƙa sai ta dungure ni. "Hannun naki na ado ne? Ba sai ranar da kika ga dama ake rubutu ba." Da safen Litinin, kafin makaranta, in ruga tasha in ba direba wasiƙar.

Bayan girbi Kaka ta fara tari, ta rame har zane ya daina zama a ƙugunta. Kowace wasiƙa da magana ɗaya take rufe ta: "Ki ce masa ya nemi hutu ya zo, ƙarfina ya ƙare." To, na sha jin matan sojoji a bakin rijiya suna cewa ba a aika wa mai riƙe da bindiga labarin da zai raba masa hankali. Ni da wayona na 'yar shekara goma sha ɗaya, sai in rubuta, "Kaka tana lafiya, tana gaishe ka." In ta ce in karanta mata, sai in maimaita abin da ta faɗa, ba abin da ke kan takarda ba. Lahadi bakwai ina wannan wautar. Kullum da yamma a shimfiɗa mata tabarma inda za ta hangi hanyar tasha. Sau ɗaya na ji ta ce, "Ya ji, bai zo ba."

Kwana uku da binne ta Baba ya iso. Ya zauna a tsakar gida da takalmansa, ya ciro wasiƙun ɗaure da roba, yana jujjuya su. "Ko sau ɗaya Inna ba ta ce in zo ba," ya ce. "Haka take, ba ta son ta dame ni." Na tashi na ɗauki bokiti, wai zan ɗebo ruwa.

Yau ina da shafi a intanet, duk mako ina rubutu, ba na fashi. Masu karatu kan ce ba na ɓoye komai, ko mai ɗaci ne. Yanzu da waya, tsohuwa kan kira ɗanta ya ji tarin da kunnensa, babu wata yarinya a tsakani. Baba ya rasu bara, ban taɓa gaya masa ba. Ta kira ka, Baba, har sau bakwai.