Wasiƙar da Gwaggo Mai Tafireta Ta Ƙi Bugawa

Ranar wata Talata da hantsi, wata mata da ko sakandare ba ta gama ba ta karanta wasiƙar da na rubuta, ta miƙo mini abata, ta ce ba za ta buga ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da rubutu, ina zuba jan biro a kan aikin 'ya'yan mutane. Ba a taɓa maido mini da takarda ba sai ranar.

Gwaggo Mai Tafireta ake ce mata, ko da yake tafiretar ta daɗe a ƙarƙashin tebur, kwamfuta ta gaje ta. Shagonta ɗan ƙarami ne, yana kallon ofishin ɗaukar ma'aikata. Ƙarfe bakwai take buɗewa. Ta share, ta fito da benci, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta lallashi injin buga takarda har ya yarda ya tashi. Kafin takwas bencin ya cika da masu kwali, kowa da ambulan a hammata, kowa rigarsa ta sha guga. Ƙarshen watan nan za ta rufe, idanu sun gaji. Na san ba wanda zai tara mata jama'a, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar autata ce ta kai ni wurinta. Yarinyar ta gama jami'a ke nan mahaifiyarta ta kwanta, ta yi shekara biyu tana jinya har Allah ya karɓi abarsa. Bayan haka ta aika takardun neman aiki sun fi arba'in, ko "mun gani" ba wanda ya ce. Sai ta daina fita, ta daina ɗaga labule, abinci ma sai na ƙwanƙwasa. Na riga na rasa mace ɗaya a gidan, ga ta biyu tana ƙarewa a zaune.

Na ce bari in gwada nawa ilimin. Na rubuta mata wasiƙa shafi uku: mai ƙwazo, mai riƙon amana, mai hangen nesa. Shekara biyun jinya kuwa na tsallake su tsaf, don a ganina giɓi ne, kuma sirrin gida ne. Na jawo ta da ƙyar muka je a buga.

Gwaggo ta karanta har ƙarshe, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan neman aiki ne ko jawabin ban kwana?"

"Ke dai ki buga," na ce.

"Tun safe na karanta ƙwazo goma sha ɗaya. Duk waɗanda ke bencin nan masu hangen nesa ne. Daga waya suke kwafowa, wancan mai jar hular ma ya manta bai cire sunan mai wasiƙar ba."

Benci ya yi dariya, har da mai jar hular.

Ƙa'idarta ce ba ta taɓa kwamfuta sai mai neman aikin ya faɗa mata da bakinsa abin da hannunsa ya taɓa yi. Ta juya wajen Auta.

"'Yata, daga gama makaranta zuwa bara, ina kika shiga?"

"Ba komai, Gwaggo. Ina gida."

"Ana me a gidan?"

"Jinyar Mama."

"Magani nawa take sha a rana?"

"Bakwai. Daga baya tara."

"Wa ke riƙe lokutansu?"

"Ni. Na yi jadawali."

"Katin asibiti da sakamakon gwaji fa?"

"Suna fayil, kowane wata da nasa."

"An taɓa ba ku maganin da ba shi ba?"

"Sau biyu. Na mayar, suka yi gardama, na nuna musu rubutun likita."

"To shi ne ba komai?"

Nan na taso. Na ce ciwon matata ba haja ba ne da za a baza wa baƙi. Na ƙara da wata magana a kan waɗanda ba su yi karatu ba, wadda ba zan maimaita ba.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Allah ya jiƙanta, Malam. Ba ciwon zan rubuta ba, aikin 'yarka zan rubuta. Kai ka ɓoye shekara biyu, su kuma a kan shekara biyun nan za su jefar da takardar. Je ka sha iska."

Na fita na tsaya a jikin katanga kamar ɗalibin da aka kora daga aji.

Wasiƙar da ta fito ba ta cika shafi ba. Wuri uku kawai Gwaggo ta yarda a aika, bayan ta sa Auta ta binciki abin da kowane wuri yake yi. Wani ƙaramin asibiti ya kira, suna neman mai kula da katunan marasa lafiya. A intabiyu ba wanda ya tambayi makin da ta ci. A kan fayil ɗin nan suka tsaya. Bana shekararta uku a can, kullum tana riga ni fita.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai gyaran waya na kusa da shagon Gwaggo ya ba ni labarin wani magidanci da ya rubuta ya iya manhaja biyar. Ta tashi ta ba shi kujerarta ta ce, "Bismillah, nuna mini ɗaya." Ya kasa nuna ko ɗaya. Ba ta kunyata shi ba, sai ta bar masa kwamfutar kullum da yamma har ya iya ɗayar da gaske, ita kaɗai suka rubuta, da ita kuma aka ɗauke shi.

Zamani ya canza, na sani. An ce yanzu na'ura ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, kuma ana neman ɗan shekara ashirin da biyar mai gogewar shekara goma. Na karanta littattafai masu kauri a kan haka, ba su wuce abin da Gwaggo take faɗa tana gyara takarda a inji ba: shafi ɗaya ya isa, kada ka aika wa gida arba'in wasiƙa ɗaya, ka faɗi abin da ka yi ka bar faɗin abin da kake. Kuma in baƙuwar lamba ta kira, ka ɗauka da ladabi, ba da "Wa ye?" ba.

Ke ce uwar masu ambulan, Gwaggo. Ke ce kike zaunar da wanda ya raina kansa ki yi ta tambayarsa har ya ji da kunnensa cewa ya iya wani abu. Allah ya saka miki, ya sanyaya idanun nan. Ku kuma da kuke bayan manyan tebura, ku koyi wannan, ba ya cin ku komai: ku tambaya, ku jira amsa.

Makon jiya na je da niyyar yi mata magana. Benci a cike. Tana jin muryata ta ce, "Malam, ka zo a daidai, idon ya ƙi yau. Karanta mini wannan." Na karanta mata wasiƙa huɗu tana gyarawa da kunne. Na tashi, na yi sallama, na dawo da maganata a baki.

Ga maganar nan a rubuce, don Allah wani ya karanta mata. Gwaggo, shekara biyun nan ina cikin gidan, ina ɗakina ina karatu. Ni ma na ɗauka yarinyar zaman gida kawai ta yi. Sai a shagonki na san wadda ta riƙe mini matata.