Awon Tsinke a Bakin Zobe

Fangali sittin na tumatir, dashen kwana tara, a ƙasar da ba ta jure ƙishi fiye da kwana huɗu. Abin da wani manomi ɗan Birchi ya ɗora a kaina ke nan, lokacin da aka fara noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Ni na sayar masa da sabon inji a shagona na Dutsin-Ma, ni kuma na tabbatar masa zai ja tsohon famfon da ya gada, irin wanda kowane maƙeri ya san cikinsa. Abin da ya rage kawai noti huɗu da za su ɗaure famfon da injin.

Mutanenmu ba sa ɗauko ƙarfen da notin zai hau in za su sayi noti. Tsinken tsintsiya suke karyawa daidai kaurin ƙarfen, su soke a hula su kawo. Shekara goma ina sayarwa da awon tsinke ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Shi ma tsinke ya kawo, na gwada, na ba shi.

Washegari sai ga shi.

"Alhaji, notinka juyi biyu yake yi ya cije."

"Malam, ƙarfinka ne ya ƙare. Karɓi waɗannan."

Na ba shi masu ɗan girma. Su kuma suka riƙa zamewa. Kwana biyu suka tafi a haka.

Rana ta uku na ɗauki bakanikenmu a babur zuwa gonar, wani Kirista ɗan Kudu da muke kira Oga. Ya duba ƙarfen, ya dubi tsinken, ya yi dariya.

"Alhaji, tsinkenka ya iya ƙirga haƙora?"

Ya danna sabulu a jikin ƙarfen, haƙoran da noti ke bi suka fito a kai. Tsohon famfo awon inci ne, kayan da kamfanoni ke aiko mana a lokacin duk sun koma milimita. Kauri kusan ɗaya, haƙora daban.

Manomin ya ce a buga da guduma. Na hana. Haƙoran nan in suka murje, famfon ya mutu ke nan.

Ba ni da noti ɗan inci ko ɗaya a shago, amma na san wani mataccen injin niƙa a bayan kasuwar Kurfi, sa'an famfon. Muka tafi da sabulun a aljihu. Tsatsa ta kama notunan, sai da suka kwana cikin kananzir kafin su kwance. Bakwai muka ciro, huɗu suka dace da shatin sabulu.

Ruwa ya gudu rana ta huɗu bayan azahar.

Fangali arba'in da bakwai suka farfaɗo. Sha uku na can tudu sun ƙone. Da na je da kaina tun ranar da manomin ya fara dawowa, da ko ɗaya bai ƙone ba, kuma haka na faɗa masa a gaban Oga.