Garkar da ruwan alwala ya raya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina. A bazara ya tafi, bayan gajeriyar jinya, lokacin da rumman ɗinsa ke cikin fure. A lokacin mun ce ya yi saurin tafiya. Yanzu tsofaffin garinmu Wurma, 'yan kaɗan da suka rage, cewa suke Allah ne ya so shi, ya ɗauke shi kafin idonsa ya ga abin da namu ya gani.

Baba malamin allo ne, amma abin da na fi tunawa da shi wata 'yar garka ce a bayan gidanmu. Rijiya na da nisa, don haka ya kafa doka: ba a zubar da ruwan alwala a banza. Kowa a gidan na da shukarsa, a gindinta zai tsuguna da butarsa. Rumman na Baba ne, zogale na Inna, mahaifiyarmu, lemun tsami na yayana Sani, ni kuma auta aka ba ni lalle. Da bazara, sa'ad da duk garin ya ƙone ya yi fari, bayan gidanmu kore yake. Furen lalle kan cika tsakar gida da ƙamshi har sai mai wucewa ya rage tafiya.

Shukokin kuma ba sa rufa asiri. Wata safiya Baba ya tsaya kan lemun Sani, ya taɓa ganyen da ya yi laushi, ya ce, "Sani, mutumin naka ya kawo ƙara. Ya ce ya daɗe bai gan ka da asuba ba."

"Baba, zafin rana ne."

"Ikon Allah. Ranar nan kai kaɗai ta sani a gidan nan."

Bayan rasuwarsa ne 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Ɗalibansa suka watse, Sani ya kwashe iyalinsa zuwa Katsina, ni na samu aikin koyarwa a Dutsin-Ma. Inna ce kawai ta ƙi tashi.

Makon jiya na je da niyyar ɗauko ta. Lemun ya bushe ƙamas. Zogalen ya yi tsawo, ya zubar da ganye, sai 'yan fararen furanni a can ƙoli. Lallena rabinsa itace ne, rabinsa na numfashi. Rumman kaɗai ya yi fure, ja wur, kamar bai san me ake ciki ba. Sai da la'asar na gane yadda aka yi. Alwalar mutum ɗaya ba ta isa garkar da gida guda ke shayarwa, don haka Inna take zagayawa, yau nan, gobe can, tana sabunta alwala ko da ba ta karye ba. Rumman kuwa kullum sai ya samu. Ruwan da take iya ɗaukowa ba shi da yawa, kuma na lura leɓɓanta a bushe suke.

Na ce, "Inna, ɗaki na nan na gyara miki. Ki zo mu tafi."

Ta ce, "Auta, in na bi ki, wa zai tsuguna musu?"

"Itatuwa ne, Inna."

"Haka Malam ya ce miki?"

Can ta ce, "Ki bari ruwan sama ya sauka. In Allah ya karɓi aikin daga hannuna, ki zo ki ɗauke ni."

Ni da ita duk mun san abin da damina take zuwa da shi yanzu. Dawa ta yi tsawo, hanya ta rufe, mai mugun nufi ya samu wurin ɓuya har bakin danga.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Mutum ne mai sauƙin kai. Ina jin da ya yi dariyar nan tasa, ya ce mata ta ɗauki butarta ta tafi, ƙasar Allah ko'ina tana shan ruwa. Amma ba ya nan balle ya sauke mata dokar da ya kafa, mu kuma ba ta jin muna da hurumin sauke ta.

Littattafansa suna cikin akwati a wurin Sani, ɗalibansa ban san inda yawancinsu suke ba. Abin da ya rage nasa da rai shi ne tsohuwar nan da ke rage wa kanta ruwan sha don kada furensa ya zube. Wasu ranakun ina gode masa a kan haka, wasu ranakun ina jin haushinsa, sai in yi istigfari in yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.

Na dawo Dutsin-Ma ni kaɗai. Kowace yamma ina fita in dubi gabas, ina roƙon Allah ya sa hadari ya riga 'yan bindigar isa Wurma.