Alƙalin da Ya Wanke Kafireto

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe gareji, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobi, sannan ya goge tabarau. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran kafireto, wato abin nan na tsofaffin motoci da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idanu sun fara yi masa gardama.

'Yan layin Alƙali suke ce masa. Mai walda na kusa da shi ne ya laƙa masa sunan, wai ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya ji ta bakin kowa. Ka zo kana huci, kana rantsuwa kafireto ne, sai ya jawo maka benci. Yaushe motar take mutuwa? Da sanyi ko in ta ɗau zafi? Masu gaggawa kan yi tsaki su tafi wani wuri, bayan mako guda su dawo suna sosa ƙeya.

Bara wata malamar makaranta ta kawo masa jar mota mai kujera biyu, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Ta mahaifinta ce, tun yana saurayi ya saye ta. Ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce zai taka in ya dage da motsa jiki, amma tsohon ya ƙi. Abu ɗaya ya roƙa, a zaga da shi a motarsa. Sau uku tana ɗaukarsa, sau uku motar na mutuwa kafin su kai gada. A na ukun ya ce, "Mai da ni gida, 'yar nan. Ni da ita duk mun gama yayi." Tun ranar bai sake yarda an taɓa masa ƙafa ba.

"Baba, makanikai biyu sun wanke kafireton, na uku ya ce a jefar da shi," malamar ta ce wa Alƙali.

"Shi kafireton an ji ta bakinsa?" Alƙali ya ce. "Tayar mu je, ke za ki ja."

Ko murfin inji bai ɗaga ba. Ya zauna gefenta, ya kasa kunne. Daf da gada motar ta yi tari ta mutu. Ya fita, ya zaga baya, ya murɗe murfin tanki. Sai tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

"Wannan murfi mai ƙyalli fa, daga ina?"

"Ni na saya. Na da ya yi tsatsa, na so Abba ya gan ta fes."

"Na asalin yana da 'yar huda ta shan iska, wannan babu. Tanki in bai sha iska ba, ba ya sakin mai."

Ta dafe kai, hawaye suka zubo. "Ashe ni ce."

Tausayinta ya kama shi, don shi ma uban 'ya'ya mata ne. "Haba ɗiyata, kwalliya kika yi mata, kwalliyar ce ta ɗan zarce. Ina na da ɗin?"

Yana cikin but ɗin motar. Ya kankare tsatsar, ya zura allura a hudar, ya mayar. Washegari uba da 'ya suka haye gada, suka yi ta tafiya har tsohon ya ce yunwa yake ji.

Alƙali, kai ne ka ƙi ɗora wa ƙarfe laifin da bai yi ba, kuma ba ka bar baiwar Allah ta tafi da laifin a ranta ba. Masu gyara, na mota ne ko na mutane, ku koyi wannan, ku tambaya kafin ku kwance. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa ka huta lafiya.

Akwai kuma mai godiyar da ya ƙi aiko kowa. Makon jiya jar motar ta tsaya a bakin gareji, tsohon ya fito da sanda, 'yarsa ta miƙo hannu ya ture. Mai walda ya kashe injinsa ya tsaya yana ƙirgawa. Taku goma sha huɗu har gaban Alƙali, ba wanda ya riƙe shi.