Yadda Na Je Doha Neman Mai Wankan Jego

Tun da na dawo, 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon ɗinki suka hana ni sakat da tambayar abin da na gani a Ƙatar. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Haɗeja zuwa Kano

'Yata Rukayya ce ta haihu a Doha, inda mijinta Nasiru yake karatun digiri na uku. Haihuwar fari ce. Da ni da uwarta, Hajiya Tabawa, aka nema wa biza. Ana dab da tafiya Hajiya ta zame a bakin rijiya, gwiwa ta kumbura, likita ya ce ba ita ba doguwar tafiya. Shi ke nan abin ya faɗo kan tsohon tela shi kaɗai.

Ana kiran assalatu na fito. Hajiya ta dogara sanda ta rako ni zaure, ta sake lissafa mini kayan jaka: yajin jego, daddawa, kuka, garin kunu, da ɗanyen ganyen darbejiya da ta naɗe a tsohon zaninta. Kanwa kam Nasiru ya hana tun a waya, ya ce likitar Rukayya ba ta yarda ba.

"Malam, ba kallon gine-gine na aike ka ba," in ji ta. "A fara wa yarinyar nan wanka kafin ranar suna. In ba a yi ba, da gwiwar nan zan rarrafa in je."

"To wa zai yi mata? Ni?"

"Ka nemo mace. Ƙasa guda ba za a rasa tsohuwa ba."

A tasha direba ya dubi jakata ya ce, "Baba, Makka za a koma?" Na ce gaba da Makka kaɗan. Ya ce to in riƙe shi a addu'a duk da haka, ko ta faɗa a hanya. Shingen jami'ai biyu muka wuce, ba wanda ya kula jakar tsoho. Da hantsi muna Kano. A can ne na yi wayon da ya ci ni. Na ji kunyar a buɗe jakata a filin jirgi a ga koɗaɗɗen zani, sai na juye ganyen a leda na ƙulle tamau.

Kano zuwa Doha

Jirgi ya ɗan yada zango a Abuja sannan ya miƙa. An ba mu shinkafa a kwanon da bai kai tafin hannuna ba. Na zaci ɗanɗano ne, na zauna jiran abincin har barci ya ɗauke ni.

Da safe muka sauka. Jami'in kwastan, yaro mai ladabi, ya buɗe jakar. Daddawa ta fara gaishe shi, ya ja da baya kaɗan. Da ya kwance ledar sai ni ma na ja da baya. Ganyen ya yi baƙi ƙirin, ya zama miya. Da hannuna na kai shi kwandon shara, ina jin muryar Hajiya a kunnena.

Al Gharrafa

Nasiru ya ɗauke ni a tasi zuwa unguwarsu. Babban gida ne da aka yayyanka shi ɗakuna aka ba 'yan haya, su suna hawa na sama. Rukayya tana ganina ta fashe da kuka. Ta rame, ƙafafunta a kumbure, jaririya tana ta tsala ihu a gefe. Ba ta tambaye ni hanya ba, cewa ta yi, "Baba, da gaske Mama ba za ta zo ba?" Nan wasa ya fita daga kaina.

Na tambayi Nasiru matan Hausawa. Ya ce waɗanda ya sani ɗalibai ne biyu, 'yan mata, suna tsakiyar jarrabawa, kuma ko jariri ba su iya ɗauka ba. Sauran 'yan ƙasarmu duk maza ne, masu gadi da direbobi.

Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wata mata gajera, fara, za ta kai shekara hamsin, da wando da gajeren gashi ba ɗankwali. Ta haɗa tafin hannu a ƙirji, ta miƙo kwano a rufe. Nasiru ya ce maƙwabciyarsu ce, Madam Noi, mutuniyar ƙasar Laos, tana aikin tausa wa mata a wani babban otal. Ban taɓa jin ƙasar ba. Na tambaya ko musulma ce, ya ce a'a. Tana juya baya na ce ya mayar mata da kwanonta, mai jego ba ta cin abin da ba a san asalinsa ba. Nasiru ya ɗauka ya kai mata.

Washegari na sauka baƙala, wato kantin unguwa. Mai shagon Shafiƙ ne, ɗan Bangaladash, mai faɗin baki da fara'a. Da guntun Turancina na firamare da guntun Larabcinsa muka fahimci juna, na gaya masa mai wankan jego nake nema. Ya daki ƙirji.

"Haji Baba, khalas, an gama! Mu a garin nan mun fi yashi yawa. Gobe bayan Juma'a zan kai ka wajen mutanenmu."

Na ce alhamdu lillahi, ga musulmi, ga yawa. Aiki ya ƙare.

Mushairib da Al Asmakh

Ƙaramar bas ta kai mu tasha, muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari. Na leƙa gaba in ga direba in yi masa Allah ya kiyaye, ba kowa. Shafiƙ ya ce haka yake tafiya da kansa. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu har Mushairib. A can muka fito cikin gine-gine farare masu ƙyalli, muka taka kaɗan sai ga mu a Al Asmakh, tsohuwar unguwa mai lunguna kamar cikin birnin Kano.

Abin da na fara gani a ƙofar gidan su Shafiƙ takalma ne, tuli guda kamar ƙofar masallaci. A ciki gadaje ne masu hawa biyu, kowa da labulensa, kaya a rataye ko'ina. Duk 'yan yanki ɗaya ne, wasu ma 'yan ƙauye ɗaya, wa ya jawo ƙane, ƙane ya jawo suruki. Tukunya ɗaya suke ci, girki bi da bi. Aka shimfiɗa leda aka zuba shinkafa da kifi mai ƙaya kamar allurai. Wani dattijo tela ya ga kantar almakashi a yatsana, ya nuna mini tasa, muka rungume juna ba mu san sunan juna ba.

Shafiƙ ya yi musu bayani. Kafin in wanke hannu abubuwa sun fara isowa. Wani mai aikin lambu ya ce darbejiya ai su ma suna wanka da ita, ya buga waya aka kawo rabin buhu. Wani ya kawo tukunyar da za ta dafa abincin biki. Wani ya yi alkawarin rago mai sauƙi ranar suna, wani ya ce motar aikinsa za ta kai mu gida.

Na ce, "Madalla. To ina tsohuwar?"

Sai ɗakin ya kwashe da dariya. Kowa ya zaro waya yana nuna mini hoto: ga matata, ga uwata, ga yayata. Duk suna can gida.

"Haji Baba," in ji Shafiƙ, "sai albashinka ya yi kauri ake ba ka izinin kawo iyali. Masu mata a nan injiniyoyinmu ne da likitoci. Ni ɗana na biyu a waya na fara ganinsa."

Duk da haka ba su haƙura ba. Aka kira uwar Shafiƙ a bidiyo, tsohuwa mai jan baki, ta yi ta zuba mini umarni da yarensu tana nuna ni da yatsa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane muryar. Irin ta Hajiya ce sak.

Komawa Al Gharrafa

Ni da Nasiru muna kokawa da tukunya a matattakala sai ga Madam Noi ta dawo daga aiki. Ta tsaya ta ɗauki ganye ɗaya ta murza ta shinshina. Ta tambayi Nasiru, ya gaya mata. Sai ta ce su ma haka suke yi. A garinsu mai jego kwanciya take a gadon da aka hura garwashi a ƙarƙashinsa, ta yi wanka da ruwan ganye mai zafi, ta sha mai zafi. Ta faɗi haka ta wuce ɗakinta, ba ta ko dube ni ba.

Na kira Hajiya na karanta mata komai, har na kai ga cewa matar ba musulma ba ce.

"Malam, wanka na ce maka ko limanci?"

"Ai kin san..."

"Kuma ka mayar mata da kwano? Da girmanka? Ina ganyen da na ba ka ma tukuna?"

Na ce waya tana yankewa.

Na sa babbar riga, na ja Nasiru ya yi mini tafinta, muka ƙwanƙwasa. A ƙofarta takalmi ƙafa ɗaya ne tak, a jere. Ɗakin tsaf, da sanyi, da kujeru masu kyau, irin ɗakin da mutum goma na Al Asmakh za su yi murna da shi. Amma shiru kamar ba kowa. Na ce na zo ba da haƙuri, tsufa ne ya zo mini ba tare da hankali ba. Ta ce abin da ke cikin kwanon miyar kaza ce da citta, kuma a shagon Shafiƙ ta sayi kazar don ta san yankan musulmi ne, tukunyar ma sabuwa ta saya. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ta ba mu shayi. Ta ce 'yan ƙasarsu da ta sani a Doha ba su cika yatsun hannu ba, kowa yana otal ɗinsa. Ba su da kanti, ba su da unguwa. Kowa yana ce mata 'yar Tailan ko 'yar Filifin, har ta gaji da gyarawa. Albashi ba laifi, ta gina wa iyayenta gida. Sai ta nuna mana hoton wani yaro a wayarta. Jikanta ne. Bara 'yarta ta haife shi, hutu bai zo daidai ba, wata ce ta hura mata garwashin.

Ta ajiye wayar ta ce, "Gobe da sassafe. Amma Baba ne zai dafa ruwan."

Haka aka yi. Aka jingina waya a banɗaki, Hajiya tana ba da umarni da Hausa, Madam Noi tana amsawa da yarenta, Nasiru yana bayan ƙofa yana tafinta har suka daina bukatarsa. Hajiya ta ce a ƙara zafi, Madam Noi ta tsoma gwiwar hannu ta ce a'a, likita ta ce kada ya ƙona, kuma Madam Noi ce ta yi nasara. Ni kuwa ina kicin ina fama da gas, ina jigilar bokiti, na ƙona babban yatsa. Haihuwa bakwai Hajiya ta yi a gidana, ina majalisa ina karɓar barka. Wallahi ban taɓa tambayar wanda yake ɗora ruwan ba.

Da aka gama aka yi mata tausa, Rukayya ta sha kunu ta yi barcin da ba ta yi ba tun haihuwa. Na leƙa na ga Madam Noi ta saɓa jaririyar a kafaɗa tana yi mata waƙa a hankali, sai na ja ƙofar.

Ranar suna

Mutum biyar na gayyata daga Al Asmakh, mota biyu suka zo, da rago da tukwanen shinkafa. Madam Noi ta zo ita kaɗai da ɗan kwando na wata shinkafa mai danƙo da ake mulmulawa kamar lomar tuwo. Ta ce ragowar da ta taho da ita daga gida ke nan. Shafiƙ ya ɗanɗana ya ce, "Madam, me ya hana ki faɗa? Akwai yaronmu a wajen masu shigo da kaya, buhu zan samo miki."

"Shekara nawa ina sayen ruwa a shagonka, ka taɓa tambayata daga ina nake?"

"Na zaci Filifin ce!"

Ta ɗaga masa ludayi, ya ɓuya a bayana.

Yarinya ta ci sunan Hajiya na yanka, Hauwa'u. Kun san Rukayya ba za ta iya kiran sunan uwarta gatsau ba, dole a nemi na alkunya. Ta ce ita ta riga ta zaɓa: Noi. Da Nasiru ya fassara, matar nan ta rufe fuska da hannu biyu ta fita baranda, ta daɗe ba ta dawo ba.

Dawowa gida

Na ƙara mako guda ina aikin tukunya safe da yamma, sannan na damƙa wa Nasiru, Madam Noi kuma ta yi alkawarin kai Rukayya har arba'in. Shafiƙ ya haɗa ni da direba ɗan garinsu zuwa filin jirgi, ya ƙi karɓar komai. Na sauka Kano lafiya, la'asar tana yi ina ƙofar gidana.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa mutanen Al Asmakh, da baiwar Allah nan da na mayar wa kwano.

Hajiya ba ta tambayi tsaraba ba. Ta kama hannuna ta duba tabon ƙunar ta ce, "Ashe da gaske kai ka dafa." Na ce ni ne, kuma na ƙware. Ta ce to madalla, likita ya ce a riƙa gasa gwiwar nan kullum da safe.

Saboda haka 'yan majalisa, in kun ga ban fito da wuri ba, kada ku aiko. Ina bakin murhu.