Ruwan da Ta Ɗauka Fitsari Ne

Shekarar da soja suka koma bariki muna zaune a Ƙofar Durɓi, bango ɗaya ya raba ɗakina da na matar ƙanena. Cikin fari gare ta, ya shiga wata takwas. Bafulatana ce, kunya ba ta barin ta ko ambaton cikin.

Ni kuwa Allah ya hore mini kunne. Kwana da kwanaki ina jin ƙarar butarta. Ta yi alwala, ta ta da salla, ta katse, ta koma. Zannuwa suka cika igiya. Da na matsa mata, sai ta sunkuyar da kai.

"Yaya, yoyon fitsari ne. Na aika an tambayo Malam, ya ce in riƙa sabunta alwala."

Malam dai abin da aka tambaye shi ya amsa.

Ranar da ake rantsar da farar hula, maza sun cika zaure sun kewaye rediyo. Ana zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, sai na jiyo haƙora suna kaɗawa ta bango. Na same ta cikin bargo, jiki rau. Ina ɗaga bargon wari ya buge ni, kuma ba zarnin fitsari ba ne. Na taɓa cikin, ta zabura.

"Ɗiyar nan, ai faya ce ta fashe miki tuntuni. Yaushe rabon da ɗan ya motsa?"

"Tun safe ban ji ba."

Na leƙa zaure na ce wa ƙanena ya nemo mota.

"Yaya, bari a gama jawabi."

"Jawabin ne zai haifa maka ɗa? Tashi."

A asibiti nas ta ɗora wani ɗan ƙaho a kan cikin, ta kafa kunne, ta daɗe. Ta ce tunda faya ta fashe ƙofa ta buɗe, cuta ta shiga ruwan da ya rage, zuciyar yaron gudu take yi. Aka ɗura mata allurai, aka tura ta ɗakin tiyata.

Na zauna a baranda, ƙanena yana kai da komo. Ina jin takalma, ina jin ƙarafa suna faɗawa kwano. Can sai wani siririn kuka kamar na kyanwa. Shi bai ji ba. Na ce masa, "Zauna, ɗanka ya iso."

Zazzaɓin bai sake ta ba sai bayan suna, jaririn ma ya sha allurai. Ranar da ta fara gane mutane aka ajiye shi kusa da ita. Ta kawar da kai, amma hannunta yana kan ƙafarsa.

"Yaya," ta ce a hankali, "sallolin nan da na yi ruwan yana zuba fa, sai na rama?"